Tambayoyi da amsoshi kan na'urar binciken mota mara igiya

Tun da ƙananan na'urorin nan da ake haɗawa da wayar hannu suka yawaita, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke ta maimaituwa a bakin masu motoci da kanikawa masu tasowa. Ga su nan a tattare, daga na farko-farko zuwa masu zurfi. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna.

Mece ce wannan na'ura, kuma mene ne aikinta?

'Yar ƙaramar aba ce, wasu ba su fi akwatin ashana ba, wadda ake sokawa a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari. Ba ta da allo, ba ta da igiya. Aikinta tafinta ne: tana karɓar magana daga kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar mota, ta miƙa wa wayarka ta Bluetooth ko Wi-Fi, sannan manhajar da ke wayar ta nuna maka yadda za ka iya karantawa.

Ita kuwa ƙwaƙwalwar mota a kullum tana sauraron sensa-sensan da ke jikin injin: mai auna zafin ruwa, mai auna iskar da ke shiga, mai shinshinar hayaƙin da ke fita, da sauransu. Da zarar ta ga wani awo ya kauce wa ƙa'ida, sai ta rubuta lamba ta ajiye, ta kuma kunna fitilar injin a allon gaban direba. Wannan lambar ce na'urar ke ɗauko maka, tare da awon da sensa-sensan ke bayarwa a lokacin da injin ke aiki.

Za ta yi aiki a motata?

Ya danganta da shekarar motar da kuma kasuwar da aka ƙera ta dominta. Tsarin da ake kira OBD2, wato ƙa'idar wannan kafa da yadda na'urar ke magana da mota, ya zama tilas ga ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka daga samfurin 1996. A Tarayyar Turai ya zama tilas ga masu shan fetur daga 2001, ga masu shan dizal kuma daga 2004. Motar da ta faɗo cikin waɗannan shekaru za ta amsa. Inda ake samun tangarɗa shi ne tsofaffin motocin da aka ƙera domin kasuwar cikin gida ta Japan: wasunsu suna da kafar, kamanninta ɗaya, amma harshen da suke magana da shi daban ne, sai manhaja ta musamman.

A ƙarƙashin OBD2 ɗin ma akwai harsuna biyar da motoci ke amfani da su. Daga 2008 Amurka ta tilasta guda ɗaya da ake kira CAN, shi ya sa sababbin motoci ba su cika wahalar haɗuwa ba. Tsofaffin Ford da General Motors na wancan zamani da harsunansu, motocin Turai da Asiya na farkon shekarun 2000 ma da nasu, kuma a nan ne na'urar jabu ke tona wa kanta asiri, kamar yadda za a gani a amsar da ke kan ELM327. Manyan motocin dakon kaya masu lantarkin volt 24 wani babi ne daban. Kada ka soka musu na'urar ƙaramar mota sai in an rubuta a jikinta cewa tana jure volt 24.

A ina kafar take?

Galibi a ɓangaren direba, ƙasa da sitiyari, saman fedojin birki da totur. Tana da ramuka 16 a jere biyu, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, don haka ba ta shiga a birkice. A wasu motocin an rufe ta da ɗan murfi kusa da akwatin fiyus, ko a tsakiya kusa da sandar giya.

Bluetooth ya fi ko Wi-Fi?

Wayarka ce za ta yanke wannan hukunci. Android tana karɓar kowane iri. Ita kuwa iPhone ba ta yarda da tsohon Bluetooth ɗin da yawancin na'urori masu arha ke amfani da shi ba, sai wanda ake kira BLE, wato Bluetooth 4.0 zuwa sama, ko Wi-Fi, ko kuma na'urar da kamfanin Apple ya ba lasisi, irin OBDLink MX+. Mutane da yawa sun sayi na'ura mai kyau suka ce ta lalace, alhali ba ta dace da wayarsu ba ce kawai.

Mai Wi-Fi tana da nata cikas. Idan wayar ta haɗu da ita, sau da yawa intanet yakan yanke, ga shi kuma a daidai lokacin ne kake son neman bayanin lambar da ta fito. Tana kuma shan wuta fiye da mai Bluetooth. A ganina, wanda ke da zaɓi ya ɗauki BLE, domin tana aiki da Android da iPhone duka, ko ya canza waya bai yi asara ba.

Me ake nufi da ELM327, kuma me ya sa ake yawan kukan jabu?

ELM327 sunan wani ɗan guntun lantarki ne da wani kamfanin Kanada mai suna Elm Electronics ya yi, wanda ke fassara harsunan motoci zuwa umarni masu sauƙi. Fitowarsa ta farko ba a kulle shirin da ke cikinsa ba, sai aka kwafe shi, aka cika kasuwannin duniya da kwafi. Kusan duk 'yar shuɗiyar na'ura mai arha da ka gani an rubuta ELM327 a jikinta, kwafi ce. Wani abin lura: kamfanin na asali bai taɓa fitar da samfuri mai lamba 1.5 ba, amma ita ce lambar da aka fi gani a kasuwa. Kamfanin ma ya rufe a 2022, sai dai salon umarninsa ya zama harshen da kusan duk manhajoji ke ji.

Ba kowane kwafi ne mugu ba. Wasu suna aiki lafiya shekara da shekaru. Wasu kuwa, musamman da yawa daga masu ɗauke da lamba 2.1, an datse musu wasu umarni da wasu harsuna, sai su haɗu da wannan mota su ƙi waccan, ko su yanke a tsakiyar aiki. Mafi munin su suna iya damun layin sadarwar motar har fitilun allo su riƙa kamawa babu dalili. Idan ka ga haka, kashe motar ka zare ta, kada ka sake mayar da ita.

To wacce zan saya?

Fara da tambayar kanka abin da kake son yi. Idan burinka ka san dalilin kamawar fitilar injin kafin ka je wurin bakanike, na'ura mai sauƙi daga kamfanin da ke da suna da adireshi, irin Veepeak ko Vgate, ta wadatar. Idan kana son ganin awo da sauri ba tare da tsinkewa ba, ko za ka yi amfani da manhajar da ke shiga sauran sassan mota, sai ka hau zuwa irin OBDLink. Akwai kuma masu zuwa da manhajarsu ta kansu, kamar BlueDriver, Carista da OBDeleven, da ƙananan na'urorin Autel, Launch da Topdon. Waɗannan sukan ga fiye da injin, amma galibinsu a ɗaure suke da manhajar kamfaninsu.

Abu biyu nake roƙon kowa ya duba kafin ya biya. Na farko, jerin motocin da kamfanin ya ce na'urar tana yi wa cikakken bincike: nemi sunan motarka da shekararta, kada ka tsaya a kan rubutun kwali da ke cewa tana aiki da duk motoci, domin wannan magana injin kawai take nufi. Na biyu, kuɗin sabuntawa. Wasu na'urorin arha ne a hannu, amma bayan shekara ɗaya sai an riƙa biya kafin manyan ayyukansu su buɗe. Hausawa sun ce arha ba ta ado, kuma a nan maganar ta zauna daram.

Wace manhaja zan sa a waya?

Don aikin yau da kullum akwai Torque a Android, akwai Car Scanner da OBD Fusion a wayoyin biyu. Duk suna karanta lamba, suna gogewa, suna nuna awo. Sai kuma waɗanda suka ƙware a kan gida ɗaya: FORScan ga Ford da Mazda, BimmerCode ga BMW, Dr. Prius ga batirin motocin Toyota masu haɗa fetur da lantarki. Irin waɗannan suna da jerin na'urorin da suka amince da su, don haka idan ka san ita za ka yi amfani da ita, zaɓi manhajar tukuna, sannan ka sayi na'urar da ta ambata. Guji manhajar da ke zuwa a faifai ko ta wata mahaɗa da ba a san asalinta ba.

Yaya ake haɗawa, kuma me zan yi idan ta ƙi?

Soka na'urar motar tana kashe. Murɗa makulli zuwa inda fitilun allo ke kamawa, ko ka tayar da injin. A mota mai maɓalli, danna shi ba tare da taka birki ba har allon ya kama. Idan tsohon Bluetooth ne, sai ka haɗa ta a saitin waya, lambar sirrin galibi 1234 ce ko 0000. Idan BLE ce, ba a saitin waya ake haɗa ta ba, a cikin manhajar ake zaɓarta, kuma wannan ya rikita mutane da dama.

Idan ta ƙi, duba ko fitilar jikinta ta kama. In ba ta kama ba, wuta ba ta zuwa kafar, kuma sau da yawa fiyus ne ya ƙone. A motoci da yawa fiyus ɗaya ne da na ramin cajin waya. In ta kama, wayar ma ta gan ta, amma motar ta yi shiru, to ko makulli bai kai inda ya kamata ba, ko wata manhajar ta riga ta riƙe na'urar, ko kuma ba ta jin harshen motar. Gwada ta a wata motar. In ta yi a can, ka san inda gizo ke saƙa.

Yaya ake karanta lambar da ta fito?

Kowace lamba harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. P na nufin injin da giya, B gangar jikin mota kamar jakar iska da kujeru, C ƙafafu kamar birki da sitiyari, U kuma sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Idan alƙalamin farko 0 ne, ma'anar ɗaya ce a kowace mota. Idan 1 ne, kamfanin motar ne ya ba ta ma'ana, don haka P1 ta Toyota ba lallai ta zama P1 ta Honda ba, dole ka nema da sunan motarka.

Ga kaɗan da aka fi cin karo da su. P0300 na nufin injin yana tsallake wuta a silinda daban-daban, P0301 kuwa a silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. P0171 iska ta yi yawa a kan mai. P0420 matatar hayaƙi ba ta tacewa yadda ya kamata. P0128 injin ba ya kai zafin da ake so. P0455 tururin fetur yana zurarewa, kuma sau da yawa murfin tanki ne ba a ɗaure da kyau ba. Za ka kuma ga manhajar ta raba lambobi gida-gida: masu jiran tabbaci, waɗanda aka gani sau ɗaya ba su kunna fitila ba tukuna, tabbatattu, da kuma na dindindin, waɗanda bayaninsu ke cikin amsar da ke kan gogewa.

Lambar ta ambaci sensa. In je in sayi sabuwa ke nan?

A'a, kuma wannan ita ce amsar da na fi so kowa ya riƙe a duk shafin nan. Lambar tana faɗa maka wanda ya kawo ƙara ne, ba ta faɗa maka mai laifi ba. Sensar hayaƙi da ta ce iska ta yi yawa wataƙila gaskiya ta faɗa. Laifin na iya zama tiyon iska da ya tsage, ko famfon mai da ya raunana, ko nozul da ya toshe, ko sensar auna iska da ta yi datti. Ka sayi sabuwar sensa ka ɗaura, bayan kwana biyu ita ma ta kawo ƙara iri ɗaya, kuɗinka ya tafi.

Haka P0420. Matatar hayaƙi tana cikin kayan da suka fi tsada a mota, amma ɗan huji a salansa gaban sensar hayaƙi ta biyu, wadda ke bayan matatar, yana iya jawo lambar. Kuma in da gaske matatar ta mutu, akwai abin da ya kashe ta, yawanci tsallaken wuta da aka daɗe ana tafiya da shi ko injin mai cin baƙin mai. In ba a gyara wannan ba, sabuwar ma za ta bi sahu. P0301 tana da gwaji mai sauƙi da kanikawa suka sani: a ɗauke koyil ɗin silinda ta ɗaya a musanya da na ta biyu, a goge lambar, a tuƙa. Idan ta dawo a matsayin P0302, koyil ne. Idan ta tsaya a P0301, a duba fulogi, nozul, ko matsin silindar. Lambar da ta ce layin sensa ya yanke kuwa, a fara duba wayar lantarkinta da soket kafin a zargi sensar, domin zafi da girgiza da ɓera duk suna cin waya.

Amfanin na'urar ga mai mota shi ne ya je wurin bakanike da bayani a hannu, su yi magana kan gwajin da za a yi kafin a sayi komai. Bakanike nagari yana jin daɗin irin wannan mai mota.

Zan iya goge lambar in kashe fitilar?

Za ka iya, amma kada ka yi gaggawa. Lokacin da ƙwaƙwalwar mota ta rubuta lamba, takan ɗauki hoton halin da injin ke ciki a wannan daƙiƙar: gudun mota, juyin injin, zafin ruwa, nauyin da ke kansa. A manhajoji sunansa Freeze Frame. Wannan hoton ne ke nuna ko matsalar tana zuwa da sanyin safiya ne ko a kan babbar hanya. Gogewa tana tafiya da shi. Saboda haka ɗauki hoton allon wayarka na lambobin da wannan bayani tukuna.

Gogewa kuma tana mayar da gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta zuwa farko, sai an yi tuƙi iri-iri, wani lokaci na kwanaki, kafin su sake kammaluwa. A ƙasashen da ake gwajin hayaƙi ta wannan kafa, motar da aka goge jiya ba za ta wuce ba. Motocin da aka yi tun wajen 2010 suna da lambobin dindindin da na'ura ba ta gogewa, cire kan batir ma ba ya gogewa, sai motar da kanta ta tabbatar an gyara. Lokacin da ya dace a goge shi ne bayan gyara, makulli a kunne, injin a kashe.

Fitilar injin tana ƙyaftawa, ba a tsaye take ba. Akwai bambanci?

Babba kuwa. Ƙyaftawa na nufin tsallaken wuta ya yi tsanani har ɗanyen fetur yana shiga matatar hayaƙi yana ƙona ta. Rage gudu, nemi wuri mai aminci ka tsaya. Fitila mai tsayuwa wuri ɗaya, injin kuma yana tafiya daidai, tana ba ka damar isa gida ka bincika. Fitilar baƙin mai da ta zafin injin, masu ja, ba sa jiran bincike: a kashe injin nan take.

Waɗanne awo ne suka fi amfani a bayanan kai-tsaye?

Manhaja za ta jero maka abubuwa da dama, amma kaɗan ne za ka riƙa komawa gare su. Zafin ruwa a yawancin motoci yana zama tsakanin digiri 85 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyas bayan injin ya ɗumama; in ya maƙale ƙasa sosai, a duba tamostat, ko an cire shi ko ya tsaya a buɗe. Batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 injin a kashe, in an tayar kuma ya hau zuwa 13.5 har 14.7 a galibin motoci, alamar caji yana tafiya.

Wanda ya fi su daraja shi ne gyaran awon mai, wanda za ka gani da haruffan STFT da LTFT. Suna nuna kashi nawa cikin ɗari ƙwaƙwalwar ke ƙara mai ko ragewa don cakudar ta daidaita. Kusa da sifili lafiya ne. In ya haura 10 sama, motar tana ƙara mai don cike wani giɓi. To ga dabarar: duba shi injin yana zaune, sannan ka taka totur zuwa juyi 2,500 a minti ka riƙe. Idan ya yi sama a zaune ya sauko da ka taka, iska ce ke shigowa ta ɓarauniyar hanya. Idan ya ƙara hawa da ka taka, mai ne ba ya isa, ko sensar auna iska tana rage lissafi. Da wannan gwaji ɗaya ka raba P0171 gida biyu ba ka kwance ko ƙusa ɗaya ba. Zaɓi awo uku ko huɗu kawai a lokaci guda, domin yawansu yana rage saurin sabuntawa. In sai an tuƙa, wani ya riƙe wayar, ko ka sa manhajar ta naɗa ka duba daga baya.

Fitilar ABS, wato tsarin hana taya kullewa in an taka birki, ko ta jakar iska ta kama, amma na'urar ta ce babu lamba. Ta lalace ne?

Ba ta lalace ba. Dokar OBD2 saboda hayaƙi aka yi ta, don haka abin da ta tilasta a buɗe wa kowa shi ne injin da wani sashe na giya. Birki, jakar iska, sitiyarin lantarki da na'urar sanyaya mota kowanne da kwamfutarsa, kuma kowane kamfani da hanyar shigarsa. Sai manhajar da ta san gidan motarka, kamar yadda aka yi bayani a amsoshin zaɓen na'ura da manhaja. A Ford da yawa wasu sassan ma suna kan wani layi na biyu da ba kowace na'ura ke kaiwa gare shi ba. Sababbin motoci kuma sun fara sa ƙofar tsaro: Jeep, Dodge, Chrysler da Ram tun wajen 2018 suna barin a karanta, amma gogewa da ba da umarni sai na'urar da ta yi rajista.

Zan iya barin ta a maƙale kullum?

Rami na 16 a kafar yana ɗauke da wutar batir ko an zare makulli. Na'urori masu kyau suna yin barci in an kashe mota, masu arha da yawa ba sa yi, wasu ma suna hana kwamfutocin motar hutawa. Motar da ake tuƙawa kullum ba za ta ji ba, wadda za ta kwana biyar a ajiye tana iya wayar gari batir ya zube. Ga kuma batun tsaro: na'urar da lambar sirrinta 1234 ce, duk wanda ke kusa da motar zai iya haɗuwa da ita. In ka gama, zare ta ka sa a aljihun mota.

Za ta taimaka wajen sayen motar hannu?

Sosai, in mai motar ya ba ka izini. Kada ka tsaya a kan rashin lamba, domin gogewa ba ta ɗaukar minti ɗaya. Buɗe shafin gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta. In yawancinsu ba su kammala ba, an goge lambobi ko an cire batir kwanan nan, kuma kana da haƙƙin tambayar dalili. Motoci da yawa suna nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. Duba lambobi masu jiran tabbaci da na dindindin, ka gwada lambar shasi da ƙwaƙwalwar ta bayar da wadda ke jikin gilashin gaba. Sannan a fita gwajin tuƙi a sake karantawa bayan an dawo. Ka kuma tabbata fitilar injin tana kamawa idan an murɗa makulli kafin a tayar, saboda akwai masu kashe ƙwan gaba ɗaya. Tsatsa, haɗarin da aka gyara da ƙarar ƙafafu kuwa, waɗannan sai ido da kunne.

Wasu manhajoji suna canza saitin mota. Akwai haɗari?

Karanta lamba da kallon awo ba sa canza komai a mota. Rubuta sabon saiti wani abu ne daban. Ƙananan sauye-sauye kamar kulle ƙofofi da kansu in an fara tafiya, ko tsawon lokacin da fitilun ciki ke ɗauka kafin su mutu, ba su da matsala in manhajar ta san motar. Amma idan haɗin ya yanke ana tsakiyar rubutu, ko batir ya yi ƙasa, kwamfutar sashen na iya sumewa ta ƙi farfaɗowa sai da kayan aikin dillali. Don haka kada a yi wannan da kwafi mai arha, a ajiye saitin asali kafin a taɓa komai, a tabbata batir a cike yake, a sa wayar inda kira ba zai katse aikin ba, a kuma canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu. Sabunta shirin ƙwaƙwalwar injin gaba ɗaya kuwa aikin igiya ne da caja mai riƙe wuta daidai, kuma saitin birki da jakar iska a bar wa wanda ya koyi aikin.